Yaron da ya cika 18 da katin inshora: amsa ga Hajiya

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin tambaya ko ɗanki da ya gama sakandare bana zai ci gaba da zama a ƙarƙashin inshorarki, tunda ƙanwarki da ke Amurka ta ce nata yaran suna kan tata har su kai shekara 26. A can haka ne, dokar da aka sa wa hannu a 2010 zamanin Obama ce ta ba su wannan dama. Amma NHIS ɗinmu na Ghana, wato tsarin inshorar lafiya na ƙasa, ba haka aka gina shi ba. A nan kowa da katinsa, kuma da zarar yaro ya cika 18, sabuntawa ta gaba kuɗin manya zai biya.

Ni 'ya'yana uku sun wuce wannan gaɓa a nan Aboabo cikin Kumasi, shi ya sa na ga ya kamata in yi miki bayani a tsanake.

Tun da aka kawo tsarin a 2003, lokacin Shugaba Kufuor, don a raba mu da "biya kafin a taɓa ka", akwai waɗanda aka ɗauke wa kuɗin shekara: yara 'yan ƙasa da 18, tsofaffi daga 70 zuwa sama, marasa galihu, da ma'aikatan da ake cire musu SSNIT, wato kuɗin fansho, a albashi; daga baya aka ƙara masu juna biyu. A farko sai iyaye sun yi rajista kafin yaro ya samu rangwamen, daga baya aka raba, wanda alheri ne babba. Amma ki duba jerin nan da kyau. Ina ɗan shekara 19 da ke koyon gyaran mota a Suame Magazine, unguwar kanikawa? Ina yarinyar da ke koyon ɗinki, ko mai tsaron shago a kasuwar Kejetia, ko mai tuƙa pragya, wato keke mai ƙafa uku? Ba yara ba ne, ba tsofaffi ba, kuma ba su da albashin da za a cire SSNIT. Yawancin 'ya'yanmu na zango a wannan tsakiya suke zama shekara da shekaru, ba su ga tsuntsu ba su ga tarko.

Kuma matashi ba ya tunanin ciwo. Ki ba shi kuɗin sabunta kati, data zai saya. Ɗan yayata haka ya bar nasa ya mutu kusan shekara biyu, ba wanda ya sani, sai da ciwon ciki ya kayar da shi cikin dare aka ce sai an yi aiki. Da safe uwarsa ta sabunta katin a waya, aka ce mata ba zai yi aiki nan take ba, domin wanda ya bar kati ya daɗe a mace sai ya jira wata guda, kamar sabon shiga. Da kuɗin adashinta da gudummawar dangi aka biya aikin. Har yau abin yana ci mini rai, don kuɗin shekarar da ya ƙi biya bai kai abin da suka kashe a kan magani na kwana ɗaya ba.

Don haka, Hajiya, kada ki bar masa wannan aiki. Tun ƙarshen 2018 ana sabuntawa ta danna *929# a waya, a cire kuɗin daga momo, wato asusun kuɗi na waya, ba sai an je ofis an bi layi ba. Ki riƙe lambar katinsa a wayarki, ki duba ranar ƙarewa, ki biya da hannunki har ya tsaya da ƙafafunsa. Ta nan ne ma za ki haɗa masa shi da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa. In ya samu aikin albashi, kuɗin shekara zai faɗi daga kansa, amma sabuntawa tana nan, mutane da yawa nan suke tuntuɓe.

Na 'ya'ya mata kuma ya fi damuna. Aure ba ya ɗora yarinya a kan katin miji. Muna sayen gado da kwanuka, muna manta kati. Gaskiya ne tun 2008 mai ciki tana samun kulawa kyauta, amma kafin ciki fa, da bayan an gama jego? Ni kafin a kai 'yata ɗakinta sai da na tabbatar katinta na raye, na kuma gaya wa surukina ranar ƙarewarsa.

Ba zan ɓoye miki ba, kati ba ya ɗauke komai. Wani lokaci a ce maganin babu, ki saya a waje, wani wurin a nemi ki cika kuɗi. Kuma in ba gaggawa ba ce, daga ƙaramin asibiti ake farawa, su ba da takardar turawa kafin a je babban asibitin Komfo Anokye. Amma zazzaɓin sauro, taifod, kwanciya asibiti da hatsarin mota duk suna ciki, kuma su ne suka fi kwantar da samarinmu.

Ki duba katin nasa yau. In ya riga ya mutu, ki sabunta tun yana da lafiyarsa, don watan jira ya wuce yana gida. Allah ya raya mana su.