Tambayoyinku kan Kwamfuta: Furosesa ya zauna daram, amma kwamfutar ta ƙi tashi

Wasiƙun da suka zo wannan karon kusan duk a kan siraran kwamfutocin tebur ne, tokumbo irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su suka zo suka cika mana shagunan titin Ahmadu Bello da Taminus a nan Jos. Ina son waɗannan na'urori, don sun rufa wa mutane da yawa asiri a garin nan. Amma suna da halinsu, kuma wanda bai san halin ba yakan yi asarar kuɗi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da shagon buga takardu a Unguwar Rogo, yawancin masu kawo mini aiki ɗaliban jami'a ne. Kwamfutata Dell OptiPlex 7050 ce, siririyar, da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) i3-6100. Idan aiki ya taru takan riƙa jan ƙafa, shi ne na yi sautun i5-8400 daga Abuja, domin mai sayarwa ya ce soket ɗinsu ɗaya ne, 1151. Ya zauna daidai, amma da na kunna sai fanka ta juya, makunni yana ƙifta ruwan lemo, sikirin babu hoto. Mataccen furosesa aka sayar mini, ko na ƙona bod ɗina?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Kwantar da hankalinka. Mafi yawan lokuta a irin wannan, furosesan lafiya lau yake, bod ɗin ma, wato babban allon da ake dasa duk kayan kwamfutar a kai, lafiya lau. Ba su dace da juna ba ne kawai.

Mai sayarwar ya faɗa maka rabin gaskiya. Lambar 1151 adadin alluran da ke cikin soket ne, wato ramin da furosesa ke zama, kuma kamfanin Intel ya yi amfani da wannan adadin sau biyu. Na farko shi ne na zubi na 6 da na 7, abin da 'yan kasuwa ke kira janareshan, wato furosesocin da lambarsu ta fara da 6 ko 7, kamar i3-6100 naka. A ƙarshen 2017 da suka fito da zubi na 8, irin su i5-8400, sai suka bar ramin yadda yake, girma ɗaya, gurbi ɗaya, amma suka sauya aikin wasu allurai suka mayar da su na kai wuta, saboda sabbin furosesocin sun fi yawan koa, wato ƙananan sassan da ke raba aiki a cikin furosesa. Naka na da yana da koa 2, wannan yana da 6. Shi ya sa zubi na 8 da na 9 ba sa tashi sai a bod mai cif-set (ɗan guntun da ke haɗa furosesa da sauran kayan bod) na layin 300, irin su H310 da B360 da Q370. Taka 7050 Q270 ce a cikinta. Za ka sa shi, ka rufe marfin soket ba tare da wata gardama ba, amma bod ɗin bai san baƙon da ya zo masa ba.

A duk shekara sai an kawo mini irin wannan a shago ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma abin yana ci mini rai, domin kuɗin da mutum ya tara da gumin goshi ne. Wasu masu sayarwar ma ba da gangan suke yi ba, su ma lambar kawai suka gani.

Ga abin da za ka yi. Zare wayar wuta daga bango, ka danna makunni na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita. Cire fanka da ƙarfen da ke ƙarƙashinta, ka ɗaga furosesan sama a miƙe, kada ka ja shi gefe. Sannan ka haska cikin soket da tocilan wayarka ta kaikaice. A kayan Intel alluran a jikin bod suke, ba a jikin furosesa ba, kuma sun yi sirantar gashi. Idan duk suna ƙyalli iri ɗaya, layi-layi, to alhamdu lillahi. Idan ka ga wani wuri ɗaya yana haske daban, allura ta lanƙwashe, kada ka sa yatsa ko tsinken sakace, kawo wa mai gyara. Idan babu komai, mayar da i3 ɗinka, ka daidaita ɗan alamar kusurwa uku da ke gefensa da wadda ke jikin soket, ka shafa sabon man sanyaya furosesa, ka ɗaure. In ta ƙi tashi a karon farko, cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ka bar shi a waje na mintoci kaɗan, ka bar ram (sandar ma'ajiyar wucin gadi) guda ɗaya tak, ka sake gwadawa. Ƙiftawar makunnin ma magana ce: ƙirga sau nawa yake yi kafin ya tsaya, sau nawa bayan ya tsaya, littafin Dell na wannan samfurin ya fassara kowane lissafi.

To me bod ɗinka ke ɗauka? i5-6500, i5-7500, i7-6700, i7-7700. Duk masu koa 4 ne, duk wat 65 suke ci, abin da fawa-fak ɗin da ke cikin akwatin, wato mai raba wa kwamfutar wuta, zai iya ɗauka. Don aikin buga takardu da furojet ɗin ɗalibai, i5-7500 ya ishe ka har da saura. Kafin ka sa shi, sabunta BIOS, wato manhajar cikin bod da ke tayar da kwamfuta, tun tsohon furosesa yana ciki: lambar da ke liƙe a jikin akwatin za ka shigar a shafin Dell, ya ba ka wanda ya dace. Kuma don Allah kada ka yi wannan aikin da wutar da ba ka da tabbas a kanta. Jona ta a UPS mai lafiyayyen batir, ko ka tayar da janareto. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta BIOS, nan ne bod yake mutuwa da gaske.

Na san zuciyarka za ta ce, to in sayi wani bod ɗin mana da zai ɗauki i5-8400, in sa a wannan akwatin. Ba zai yiwu cikin sauƙi ba. Bod ɗin Dell ɗinkin jikin akwatinsa ne: ramukan USB na gaba a jikinsa suke, wayar da ke kawo masa wuta ba mai baki 24 ba ce irin ta kasuwa, ramukan kusoshi ma ba su zo daidai da na sauran ba. Kafin ka gama sayen bod da akwati da fawa-fak, ka kashe kuɗin wata kwamfutar. Akwai kuma masu cewa za su yi wa BIOS dabara su tilasta masa karɓar zubi na 8. Ana yi a wasu bod ɗin, amma ni ba zan ba mutum shawarar ya yi gwaji da abin da yake ciyar da iyalinsa da shi ba.

Abu ɗaya da ya kamata ka auna kafin ka mayar da furosesan: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 take farawa a irin waɗannan kwamfutocin. Ke nan i7-7700 ma, duk tsadarsa, bai shiga ba. Idan kana hangen shekaru masu zuwa, riƙe i5-8400 ɗin, ka sayar da 7050, ka nemi OptiPlex 3060 ko 5060 ko 7060, ko da mai ƙaramin furosesa ce, ka sa naka a ciki. Idan aljihu bai kai ba, mayar wa mai kaya ya musanya maka.

Sai tambayar da ba ka yi ba, wadda ita ce na fi so ka amsa wa kanka: wane irin ma'ajiya ke cikin kwamfutar? Idan har yanzu tsohon had-disk ne mai faifai yana juyawa, to wallahi shi ne ke jan ƙafar, ba i3 ba. Buɗe Task Manager lokacin da take nauyi. Idan layin disk ya tsaya a 100 alhali furosesa yana hutawa a ƙasa, ka ga ɓarawonka. SSD, wato ma'ajiya marar faifai mai sauri, da ram gig 8 ko 16 za su sauya maka ita fiye da kowane furosesa. Bod ɗin 7050 ma yana da gurbin M.2 da ake soka SSD kai tsaye, ba sai ka nemi wayar jona shi ba.

TAMBAYA: Ni mai zanen katin biki ce da kalanda a Bukuru. Ƙanena ya cire mini i3-4130 daga OptiPlex 3020 ya sa i7-4790. Ta tashi, ta yi sauri, amma fanka na ruri kamar injin markaɗe, kuma idan na daɗe a CorelDraw sai ta mutu da kanta.

AMSA: Hajiya, wannan zafi ne. Ƙanenki ya zaɓi furosesan da ya dace, dukansu 'yan soket 1150 ne, amma na da wat 54 ne, wannan wat 84. Kin ƙara itace a murhu, tukunyar kuwa ita ce dai ta da. Idan furosesan ya doshi digiri 100 yakan rage gudu don ya tsira, in abin ya ƙi sai ya kashe kansa. Sa ƙaramar manhajar Core Temp ko HWMonitor ki gani da idonki.

Tambaye shi ko ya goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen fanka ya sa sabo. Ina kyautata zaton bai yi ba. Man da ya shekara goma yakan bushe ya zama kamar alli, kuma da zarar an ɗaga ƙarfen ya gama aiki. A goge da tsumma marar gashi da ɗan sifirit, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, kada a malala. Kusoshi huɗun nan kuma a ɗaure su ta gicciye, kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan kishiyarta. Idan aka gama ɗaure ɗaya tamau kafin a taɓa sauran, ƙarfen yakan karkace ya bar gefe guda a sama.

Sai ƙura. Mutane sukan ce mini ai Jos gari ne mai sanyi, me zai sa kwamfuta ta yi zafi? Sanyin Disamba ba ya shiga akwatin da hunturu ya toshe wa hanci. Na sha buɗe irin taki in tarar da ƙura ta yi tabarma a tsakanin haƙoran ƙarfen, fanka tana ta juyawa iska ba ta wucewa. A fitar da ita waje a hure da bulowa, a riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Kuma kada ki cusa ta a cikin durowar tebur, ko ki lulluɓe ta da ƙyalle tana aiki. Idan an yi duk wannan zafin bai sauka ba, a nemi i7-4790S, mai wat 65. Ɗan abin da za ki rasa na gudu ba za ki ji shi a zanen kati ba.

TAMBAYA: Na sami ram gig 8 da araha, DDR3, ya shiga ramin HP ɗina amma ta ƙi tashi sai ƙara take. Daga wani malamin makaranta a Rikkos.

AMSA: Malam, karanta takardar da ke liƙe a jikinsa. Idan ka ga PC3-10600R ko PC3-12800R, wannan harafin R ɗin na nufin na manyan kwamfutocin saba (server) ne, ba zai taɓa yi a ta tebur ba, shi ya sa ya yi araha. Mai U a ƙarshe kake nema, kamar PC3-12800U. Idan kuwa U ne, cire shi ka sake dannawa har maƙallan gefe biyu su rufe da kansu, ka gwada shi shi kaɗai a kowane rami.

TAMBAYA: Yaya, ni ɗalibi ne a Farin Gada. Ina da OptiPlex 3020 siririya mai i5-4570, ina so in sa mata katin girafik don wasan ƙwallo da ɗan haɗa bidiyo. Wanne zan saya?

AMSA: Ƙanena, abu uku za su yi maka iyaka, kuma gara ka san su tun kuɗin na aljihunka. Akwatin siriri ne, don haka sai gajeren kati, kuma ka tabbata an haɗo maka da gajeren ƙarfen bayansa, domin da yawa sukan zo da dogon kawai. Fawa-fak ɗin wat 255 ne kuma ba shi da wayar da ake jona wa kati, ke nan sai katin da ramin bod kaɗai zai ciyar, shi kuwa ramin iyakarsa wat 75. Na ukun shi ne wanda yake kama mutane: dogon ramin yana dab da fawa-fak, kati mai kauri ba zai sami wurin zama ba. Buɗe akwatin ka auna da idonka kafin ka fita kasuwa, in da hali ma ka ɗauke ta ka je da ita a gwada a gabanka.

GT 1030 wat 30 kawai yake ci, yana shiga ba matsala. Sai dai iri biyu ne masu suna ɗaya, mai GDDR5 da mai DDR4, kuma na biyun ya yi ƙasa da na farkon nesa ba kusa ba. Karanta kwalin, in babu kwali a sa shi a kwamfuta a buɗe GPU-Z ka gani. RX 6400 ya fi shi ƙarfi a wasa, wat 53 yake ci, akwai siririnsa, amma ba shi da sashen da ke matse bidiyo, don haka wajen fitar da bidiyon da ka haɗa ba zai taimake ka ba. Idan wasan ne ya fi damunka, ɗauki RX 6400. Idan bidiyon ne, fara da cika ram zuwa gig 16, iyakar abin da ramuka biyun 3020 ke ɗauka ke nan, ka sa SSD.

Ranar da ka sa katin, cire wayar sikirin daga inda take a da ka mayar da ita jikin katin. Idan ka bar ta a ramin bod, ko dai ka ga baƙin sikirin, ko ka yi ta wasa da tsohon girafik ɗin cikin furosesa kana mamakin me ya sa ba abin da ya sauya.