Babur ɗin Baƙo Sau Ɗaya Yake Zuwa Hannunka

Tun azahar nake ganin fuskarka a murtuke, sifana ma jefa ta kake yi cikin akwati kamar ita ta yi maka laifi. Sai yanzu da muka ja ƙofar warsha, shagon gyaranmu, ka iya buɗe baki ka ce, "Usta, don me muka kashe awa biyu a kan babur ɗin mutumin da ba mu sani ba, muka bar mai rakshar unguwarmu, keken nan mai ƙafa uku, yana jira, sannan da zai tafi ka ƙi karɓar ko sisi?" To ɗana, jawo tsohuwar tayar nan ka zauna. Tambayar taka biyu ce ka ɗaure da igiya ɗaya. Maganar awa biyu daban, maganar kuɗi daban, kuma ta awa biyun ita ce ta sana'a, da ita zan fara.

Ka tuna abin da ya faɗa da ya turo Boxer ɗin nan yana haki? Daga Fau ya taso, Doka zai je wajen ƙanwarsa, can kan hanyar Gallabat, bakin iyakarmu ta Sudan da Habasha. Babur ya yi kilomita biyar ko shida sai ya fara shaƙewa ya mutu, a ba shi minti goma ya tashi garau kamar ba shi ba. A hanya wani ya canza masa filogi, wani ya sayar masa da kwayil, ciwo yana nan. Kai ma har ka ɗauko sukundireba za ka kwance kafireta na ce dakata. Na sa ka hau ka yi ta zagaye a filin bayan kasuwa har ya mutu maka, na taka na same ka, na kara kunne a jikin tanki na murɗe murfin. Ka ji wannan "fiss" ɗin? Iska ce ta ruga ciki. A murfin tanki akwai wata 'yar huda da ba ta fi bakin allura ba, ta nan iska take shiga ta cike gurbin man da ya sauka. Ƙurar hanya ta toshe ta. Ka taɓa huda gwangwanin madara waje ɗaya ka ga yadda take ƙin zuba sai ka ƙara huda ta biyu? Shi ke nan ciwon. Allura ɗaya ta warkar da abin da aka raba shi da kuɗin kwayil a kansa.

Wannan bai ci mana rabin awa ba. Sauran lokacin kuwa ya tafi ne a kan abin da bai roƙe mu ba, kuma na san shi ne ya ɓata maka rai.

Mai raksha bayan masallaci yake kwana. In na yi masa gyara ya ƙi, gobe da sassafe yana nan da bakinsa, ya zage ni, in sake kwancewa, mu sha shayi mu rabu. Baƙo kuwa raɓa ne. Duk abin da idona ya tsallake yau, ba a gabana zai bayyana ba, a daji zai bayyana, inda ba inuwa sai ta ƙaya. Daga nan Gadarif zuwa Gallabat kilomita 150 ne da 'yan kai, ga damina ta kawo jiki, kuma ka san baƙar ƙasarmu: da zarar ya sauka daga kwalta aka yi yayyafi, laka za ta cushe tsakanin taya da marufinta har ƙafar ta daina juyawa. Wanda zai shiga irin wannan wuri ba a sallamarsa da rabin gyara.

Shi ya sa na ce ya hau da buhunansa kafin in taɓa sarƙa. Sarƙar da ka ɗaure babur yana wofi, in aka ɗora kaya sai ta ɗame, ta ci haƙoran da take bi, ta kashe boris. Kaurin yatsu biyu na wasa nake bar mata, kuma da nauyin da za ta ɗauka nake aunawa. Sai na kwance ɗan sukurun da ke ƙasan kafireta na tari man a farar kwalba na ɗaga maka a rana. Ka ga abin da ya kwanta a gindi kamar ƙwayar ido? Ruwa ne. Ya fi fetur nauyi, ƙasa yake nema, kuma man kwalba na bakin titi ba ya rasa shi. Matatar iska kai ka wanke ta da hannunka, ka ga irin ƙasar da ta fito, ta isa a shuka riɗi. Tsohon filoginsa da ya ciro daga aljihu kuma na nuna maka bakinsa, ruwan ƙasa-ƙasa kamar shayi da madara. Lafiyarsa ƙalau. Da baƙi ne mai toka, da mun ce mai ya yi yawa ko iska ba ta isa; da fari ne fat, da mun ce injin yana ƙuna da ƙishirwa; da jiƙe yake da baƙin mai, da sai mu fara zargin ringi. Na goge shi na naɗe masa a leda ya ajiye na ko-ta-kwana.

Daga ƙarshe ka ga na ɗauki sifana ina bin wayoyin ƙafar baya ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa, ka juya kai kana dariya a ɓoye, wai tsoho yana kiɗa. Na gan ka. Wayar da take a ɗaure ƙara take yi siririya, wadda ta saki kuwa sai ta amsa a dushe. Uku na samu sun saki. Wannan kiɗan ba a warsha na koye shi ba.

Ina saurayi, ban fi ka da yawa ba, na ɗauki wani tsohon Honda na maigidana zan je Maiwurno gaishe da dangin mahaifiyata. Azumi ake yi, zafi kuwa irin na ƙarshen bazara, wanda kwalta take laushi a ƙarƙashin taya. Na yi sama da kilomita 200 na wuce Madani lafiya, na miƙa kudu na nufi Sinnar. La'asar sakaliya ƙafar baya ta sace. Na sauka na yi faci, ina jin kaina bakanike. Ban yi nisa ba ta sake sacewa. Na sake faci, salushan ya ƙare, ta sace ta uku. Na kama turi, harshe ya bushe kamar fata, ga magudanan ruwan Jazira suna bin gefen hanya, ruwa a gabana ba halin sha.

Rana tana dab da faɗuwa sai na hango mutane tsaye a tsakiyar titi. Biyu sun warware rawani sun miƙe shi daga wannan gefe zuwa wancan, kowa ya riƙe baki ɗaya. Gabana ya faɗi, na zaci tare hanya ake yi. Ashe tare hanyar ce, amma ta shan ruwa. Haka mutanen Jazira suke yi a Ramadan har gobe: ba motar da za ta wuce ƙauyensu da magariba, ko bas ce cike da fasinja sai an sauke kowa. Wani yaro ya karɓe babur ɗin daga hannuna ba tare da ya tambayi sunana ba, wani dattijo ya kama ni a hannu yana ta "faddal, faddal", wato bisimilla, har kan tabarma. Tabarmi a jere a ƙasa, kowane gida ya fito da tirensa. Aka miƙo mini kwanon hilumur mai sanyi, ja wur, ɗanɗanonsa tsami-tsami da zaƙi da ƙamshin citta. Ga dabino, ga balila, ga asida da miyar busasshiyar kuɓewa, wato tuwonmu ne dai aka canza wa suna. Daga Larabcina sun gane ko ni wane ne. Ka san yadda kalmar Fallati, sunan da ake kiranmu da shi mu da kakanninmu suka zo daga yamma, take fita daga bakin wasu a kasuwa, kamar ana tofar da yawu. A wannan tabarmar ban ji ta ba, baƙo kawai suke kirana.

Bayan tarawihi dattijon ya sa aka kawo fitila. Ashe shi yake gyara injinan ban ruwa na ƙauyen. Ya zare tib ɗin ya shimfiɗa, ya nuna mini facina biyu da sabuwar hudar. Duk a jere suke waje ɗaya, kuma ta cikin ciki, ɓangaren da yake kwanciya a kan ƙarfe, ba ta bayan da yake fuskantar titi ba. Ya ce da ni, ƙaya daga waje take shiga, wannan kuwa ɓarawon a cikin gida yake. Ya kama yatsana ya bi da shi cikin ƙarfen ƙafar har na ji wani abu ya soke ni. Kan waya ne ya saki ya leƙo, robar da take rufe kawunan wayoyin ta tsinke tun ba yau ba. Ya goge kan da zarto, ya bi sauran yana ƙwanƙwasawa yana ɗaurewa, ya yanko zobe daga wani mataccen tib ya ɗame ƙarfen da shi. Na kwana a halwarsu, ɗakin da suke saukar da baƙi, kan gadon igiya. Da asuba na tarar an aiki yaro a jaki maƙwabcin ƙauye ya samo salushan, an yi faci, an ba taya iska.

Na sa hannu a aljihu. Wallahi fuskar dattijon nan ta canza kamar na zage shi. Kalma ɗaya ya ce, "aib", ya juya ya shige gida. Ban sake ganinsa ba, ko sunan ƙauyen ban riƙe ba, wautar ƙuruciya. Amma tun daga ranar ban taɓa yin faci ban shafa cikin taya da cikin ƙarfe ba, kuma kai ma na hana ka, ko da yake ban taɓa gaya maka dalili ba.

Kuma ba a kaina aka fara ba. Kakanninmu da ƙafa suka zo ƙasar nan, wasu da niyyar hajji ta Barno da Wadai da Darfur, suna tafe suna noma shekara da shekaru, wasu kuma bayan yaƙin Burmi na 1903 da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, suka biyo ɗansa Mai Wurno har bakin kogi kusa da Sinnar, inda garin da nake nufa ran nan ya samo sunansa. Da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925 su suka shiga tsinkar audugar Jazira. Wa kake tsammani ya ba su ruwa a tsawon wannan hanya? Randunan da kake gani a ƙofar gidaje da moɗa a ɗaure, kowa ya zo wucewa ya sha, ba jiya aka fara ajiye su ba.

Yanzu maganar kuɗi, kada ka ɗauka Usta waliyyi ne. Kayan gyara kuɗi na sa na saye su, duk wanda aka sa wa sai ya biya, baƙo ne ko ɗan gari. Kuɗin hannu shi ne nawa, shi nake iya yafewa. Mutumin yau ba mu sa masa komai ba sai 'yar ragowar baƙin mai. Ya fito da waya zai turo ta Bankak, manhajar banki, na ga yana duba abin da ya rage masa yana motsa baki. Nawa zan ce ya biya, kuɗin tsira allura? Kasonka na yau kuwa ba zai ragu ba. Ni na yi kyautar, ba zan yi ta da guminka ba. Mai raksha ma sai da na nemi izininsa, na aika aka karɓo masa jabana, wato kofi, wajen mai shayi. A nan kana da gaskiya, ya jira fiye da yadda na ce masa, gobe nasa za mu fara.

Kafin yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 akwai wasu baƙin da ba ka riska ba. Turawa ne a kan manyan babura da akwatunan ƙarfe hagu da dama, sun taso daga Masar ta Wadi Halfa da Dongola da Khartum, su biyo ta nan su tsallaka Matama ta Habasha, wasu har Afirka ta Kudu. Su ina karɓar kuɗinsu cif, amma kuɗin da zan karɓa a hannunka, ba ninki uku ba kamar yadda wani maƙwabcinmu yake yi yana alfahari. Wanda bai san farashi ba amana ce a hannunka. Kuma ban taɓa buɗe injin ɗayansu ba. Ba kafireta a jikinsu, kwamfuta ce take auna musu mai. In ɗaure sarƙa, in yi faci, in kai a yi waldar mariƙin akwati, sauran in ce ya fi ƙarfina. Bakaniken da ba ya iya cewa ban sani ba, shi yake sayar wa mutane kwayil.

Baƙin yanzu kai ma ka gan su. A Disambar 2023 da Madani ta faɗi, lokacin kana sabon zuwa kana wanke sifanu, ka ga babur ɗaya ɗauke da miji da mata da yara biyu da katifa, ƙafar baya ta karkace, boris ya narke. Waɗannan ko kuɗin kayan ban iya tambayarsu ba, littafin bashin nan na cikin akwati rabinsa nasu ne, na kuma san ba za a biya ba. Sai dai yaƙin da ya kawo su ya kawo wasu. In aka turo maka babur, ko motar kamar yadda kuke faɗa ku da Larabci ya cinye bakinku (ka faɗi haka a Kano a zaci ƙafa huɗu gare shi), ka ga mazaunin makulli a fashe, wayoyi a ƙulle da hannu, lambar inji an goge ta, mai shi kuma yana sauri yana waige-waige, kada ka taɓa. Ka ba shi ruwa ya sha, ka ce Usta ba ya nan.

Tashi ka wanke hannu, an kusa kiran isha. Allurar nan tana soke a jikin kalandar bayan ƙofa, gobe kafin mai raksha ya iso ka cire murfin tankin babur ɗinka ka busa ka ji ko iska tana wucewa. Na ji shi shekaranjiya yana shaƙewa a kwanar gidanku.