Amsa ga Hajiya: gudummawar wanda ba malami ba ga ajin yaƙi da jahilci

Assalamu alaikum wa rahmatullah, ƴan uwa na wannan zaure. Hajiya, na saurari muryar da kika aiko jiya da dare, inda kika ce kina son ki taimaka wa ajin yaƙi da jahilci na unguwarku, amma ba ki da lokacin tsayawa gaban allo, kuma ba ki taɓa koyarwa ba, shi ne kike tambaya ko akwai abin da mutum irinki zai iya yi. Akwai, Hajiya, kuma yana da yawa. Abubuwa biyu ne na ga suna kashe karatun manya a Damagaram: ko dai mutum ya daina zuwa aji saboda hidimar gida da neman abinci, ko kuma ya gama aji lafiya ya koma gida bai sami abin karantawa ba, har baƙaƙen da ya sha wahalar koyo su gushe daga kansa. Duka biyun sun fi ƙarfin malami shi kaɗai, maganinsu yana hannun mutanen unguwa.

Na fi damuwa da na biyun, domin ba a cika maganarsa ba. Tun shekarun 1960 ƙasarmu Nijar ta soma koyar da manya cikin harsunan ƙasa, kuma waɗanda suka tsara aikin sun gane cewa sabon mai karatu yana bukatar abin da zai riƙa dubawa, shi ya sa aka riƙa buga ƙananan jaridun karkara, cikinsu har da Muryar Damagaram. A nan Zinder ne kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyar da yara da Hausa a 1973, sannan a 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma duk da wannan tarihi, idan mutum ya taso daga Birni ya bi ta Zango har ya shiga Kasuwar Dole yana duba allunan shaguna da takardun da aka manna a bango, kusan duk da Faransanci zai gan su. Matar da ta yi wata huɗu ko biyar tana koyon haɗa baƙi da wasali da Hausa, idan ta fito titi babu abin da zai amsa mata. To me zai hana ta mantawa?

A nan ne mai shago kamarki yake da aiki. Ki rubuta sunayen kayanki da farashinsu da Hausa, da manyan baƙaƙe, ki rataya inda ido zai kai. Mai injin niƙa, da tela, da mai sayar da magani, da kwamitin masallaci mai fitar da sanarwa, kowa zai iya yin haka ba tare da ya kashe abin kirki ba. Wanda yake da kwamfuta ko yake aiki a wurin buga takardu, ya ɗauki nauyin shafi ɗaya a mako, a rubuta farashin gero da wake, da ranar awon ciki da ta rigakafin yara, da sanarwar suna da ɗaurin aure, da wani ɗan labari na dattijon unguwa, a kai wa ajin. Ina roƙon mai bugawa ya kula da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, domin haka aka koya musu a aji, kuma sabon mai karatu idan ya ga an sauya masa baƙi sai ya ɗauka shi ne bai iya ba.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda ƴan kasuwa suka fi kowane malami saninsa. Mu da baki da dala muke ƙirga, amma a rubuce da faran ake sawa. Abin da muke kira ɗari, a takarda 500 ne, jika ɗaya kuwa 1000 ce, wato dala ɗari biyu. Tsohuwar da ba a cutarta a lissafin ka, takan rikice idan ta ga lambar a rasit ko a saƙon kuɗi na salula, ba don rashin basira ba, sai don ba wanda ya zauna ya haɗa mata ƙirgar bakinta da lambar da ke rubuce. Idan irin wannan mata ta zo sayayya, Hajiya, kika nuna mata lambar kika bar ta ta faɗi kuɗin da kanta, kin yi mata abin da darasin mako guda ba lalle ya yi ba. Haka ma ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, waɗanda suka samo asali a jihar Maradi a 1991: a ba wa ƴan aji riƙon littafin zubi, ko da za su yi jinkiri, wata ta zauna kusa tana dubawa.

Salula ma abin karatu ce. A 2009 da 2010 an yi wani gwaji a ƙauyukan jihohin Dosso da Zinder mai suna ABC, inda a wasu azuzuwan manya aka ƙara koya wa ɗalibai amfani da ƙaramar salula, suna neman lamba suna rubuta saƙo, sai aka tarar sun fi sauran ƙoƙari a jarrabawar rubutu da lissafi. Dalilin a fili yake, sun sami abin da za su yi da karatun a kullum. Yau da saƙon murya ya sauƙaƙa mana komai, ya kamata duk wanda yake da uwa ko yaya ko maƙwabciya a aji ya riƙa aika mata gajeren saƙo a rubuce da Hausa, ko da gaisuwa ce da tambayar lafiyar yara, ya yi haƙuri ya jira amsarta, kuma kada ya yi mata dariyar kuskure.

Game da zuwa aji kuwa, a tambayi matan da suka daina zuwa, za a ji dalilan ba su da nisa. Wata goyo ne da ita ba mai riƙe mata, wata lokacin ajin ya faɗa kan girki ko ɗiban ruwa, wata maigida ne bai gamsu ba. Idan mata biyu suka yarda su riƙa zama da yara a gidan da ke kusa da ajin, an warware na farko. Wanda yake da zaure ko rumfa ya bayar, a sa ajin bayan la'asar ko lokacin da matan suka zaɓa da kansu, a kauce wa Alhamis saboda kasuwa, kuma a gama kafin damina ta kwashe mutane zuwa gona. Maganar maigida kuwa ba ta malamar aji ba ce, ta liman ce da mai unguwa, domin su ne idan suka yi magana a majalisa ake ji. Su ne kuma za su iya cire wa maza kunya, saboda magidanci da yawa yana son karatun amma ba ya son a gan shi da kaye da bik kamar ɗan firamare. Yawancinsu sun yi makarantar allo, wasu suna rubuta ajami, don haka kuskure ne a tarbe su kamar waɗanda ba su taɓa ganin rubutu ba. A girmama abin da suka zo da shi, a ɗora a kansa.

Wani abu da ake mantawa shi ne ido. Mutum idan ya haura shekara 40 ganinsa na kusa yakan ragu, sai ƙananan baƙaƙe su riƙa cakuɗe masa, shi kuma ya ce kansa ne ya toshe. Mai hali ya kai irin waɗannan a auna musu ido a saya musu tabarau, ya kuma sa fitila mai aiki da hasken rana a ajin dare. Samarinmu na fada, masu zaman shayi har tsakar dare, da yawansu sun yi boko, kuma idan aka nemi su ɗauki nauyin cajin fitilar da shimfiɗa tabarmi da raka dattawa gida, na tabbata za a sami masu amsawa.

Kada a manta da malamar kanta. Alawus ɗin masu koyar da manya ba shi da yawa, kuma wadda take koyarwa ba mai leƙo ta, ba mai tambayar yadda ake ciki, gwiwarta takan yi sanyi. Jika ɗaya ko biyu a wata daga mutum goma, da alli da kaye, da kiran waya sau ɗaya a mako a tambaye ta mutum nawa suka zo, sun isa su riƙe aji.

Saboda haka, Hajiya, shawarata ita ce ki je wurin malamar ajinku cikin wannan mako, ki karɓi sunayen waɗanda suka daina zuwa, ki bi su gida ɗaya bayan ɗaya ki ji dalilin kowace, sannan ki kawo mana nan zaure, ba tare da ambaton sunan kowa ba, mu raba nauyin a tsakaninmu. Ni na ɗauki buga shafin mako na farko, in sha Allahu, amma ina bukatar wani daga cikin ƴan kasuwarmu ya turo mini farashin hatsi na ranar Alhamis. Wassalamu alaikum.