Fargaba ta hana ni barci, wa zan gani a Zariya?

'Yar'uwa, kin ce wata uku ke nan gabanki na faɗuwa, barci ya ƙaurace miki. Sannu, Allah ya ba ki lafiya.

Ki je asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, ki yanki kati. A fara duba jininki da maƙoƙo, don su ma kan kawo bugun zuciya. Sannan ki nemi a tura ki sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Zuwa can ba ya nufin hauka. Suna magani da zaman tattaunawa, ko ƙwaya mai ɗaukar makonni kafin ta kama, don haka kada ki daina sha da kanki.

Don Allah kada ki sayi Valium a kemis, jiki na sabawa da shi. In tunanin cutar da kanki ya zo, ki faɗa wa na gida, ku tafi asibiti a ranar.