Daga Kano zuwa kamun tarfon: abin da za ka tanada

Malam, ka tambaya ko wanda ya saba jefa fatsa a madatsar Tiga zai iya kamun tarfon da ƙwaron bogi, wato ƙugiyar da aka yi wa ado da gashi don jan hankalin kifi, idan ya ɗauki jagora. Zai iya, sai dai aikin daban ne. Tarfon kifin tekun Atilantika ne. Akwai shi a gaɓar Legas, Gabon da Gini Bisau, amma jagororin da suka fi gogewa suna Fulorida ta Amurka, inda kakarsa ke kamawa daga Afrilu zuwa Yuni.

Nemi sanda mai tsawon ƙafa 9, mai lambar ƙarfi 11 ko 12, da na'urar naɗe zare mai birki mai ƙarfi, wadda za ta ɗauki yadi 250 na zaren ajiya, wato ƙarin zaren da ke ƙarƙashin na jifa don lokacin da kifin ya ja da nisa. A bakin ƙugiya a ɗaura guntun zare mai jure nauyin fam 60 zuwa 80, domin leɓen tarfon kamar magagari yake.

Inda sababbin shiga ke kuskure shi ne lokacin da kifin ya haɗiye ƙwaron. Kada ka ɗaga sanda sama. Bakinsa ƙashi ne, ƙugiya ba za ta shiga ba. Fizgi zaren da hannu, da ƙarfi, sandar na kallon kifin. Idan ya yi tsalle, miƙa masa sandar ka sassauta, in ba haka ba nauyinsa zai tsinke zaren.

Kafin tafiya, fita fili da iskar hunturu ka koyi jifan ƙafa 60 cikin lilon sanda biyu ko uku. Jagora zai hango kifin ya tura kwalekwale, amma jifan naka ne. A Fulorida sakin tarfon ake yi bayan an kama shi, kuma wanda ya wuce inci 40 ba a fitar da shi daga ruwa.