Yarinya 'yar shekara 6 tana yawan sosa gabanta

'Yar'uwa, kin ce 'yarki sai sosa gabanta take yi, wurin har ya yi ja, kina tsoron ko ciwon sanyi kika shafa mata. Ki kwantar da hankalinki, yara mata da yawa na fama da wannan kafin su balaga, don lokacin estrojin, sinadarin jiki da ke kawo balagar mace, bai taso ba, fatar wurin ba ta da ƙwari, abu kaɗan sai ƙaiƙayi, kamar sabulu mai ƙamshi, Dettol a ruwan wanka, pant na roba mai matsewa, ko tsarki daga baya zuwa gaba mai kwaso datti daga dubura. Ki tsaya kanta in ta ɗauki buta ki ga yadda take yi. Ruwan ɗumi zalla ya isa, a bar wurin ya bushe, a shafa ɗan Vaseline, pant kuma na auduga. In da dare abin ya fi tsanani har tana farkawa, sau da yawa tsutsar ciki ce.

Don Allah kar ki cusa mata komai, na gargajiya ko na kemis. Amma in akwai jini, ruwa mai wari ko zafin fitsari, asibiti ranar nan, kuma ki lallaɓa ta ba tsawa ki ji ko wani na taɓa ta.