Amsa: Canza ƙwan fitilar gaban mota a gida

Malam, ka tambaya ko za ka iya canza ƙwan fitilar gaba da ya mutu ba tare da ka je wurin makanike ba. Za ka iya, muddin ƙwan na halojin ne, wato irin wanda ke da siririyar waya mai haske a cikin gilashinsa, domin a motoci da yawa aikin ba ya wuce 'yan mintuna.

Kafin ka sayi sabo, ka duba lambar da ke jikin gindin tsohon, ko H4 ko H7 ko H11, saboda ba sa shiga mazaunin juna. Ka kashe mota, ka bari ƙwan ya huce, sannan ka buɗe bonet, ka zare soket ɗin da ke bayan fitilar, ka cire murfin roba, ka saki 'yar wayar ƙarfen da ta danne ƙwan idan akwai su, sannan ka fitar da tsohon ka sa sabon.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne riƙe gilashin sabon ƙwai da yatsa. Maiƙon hannu yana mannewa a jikinsa, kuma idan ya ɗauki zafi wurin yakan yi baƙi har ƙwan ya ƙone da wuri, don haka ka riƙe shi ta gindi ko da kyalle mai tsabta. Ni dai nakan canza na fitilun biyu lokaci guda, tunda tare suka tsufa.

Idan sabon ƙwan bai kama ba, ka duba fiyus. Amma idan fitilarka ta zenon ce, wato mai ƙwan da ba shi da siririyar waya, iskar gas ce ke ba da haske a cikinsa, ka bar wa mai gyaran wutar mota, domin tana tashi da ƙarfin lantarki na dubban bolt.